Dila Mai Ninke Bargo

Ni na kawo injin nan gidanmu, ni kuma na yi ta cika baki a kansa, don haka abin da ya same ni a sanyin shekarar nan ba ni da wanda zan ɗora wa. Gidanmu a unguwar Abbey Wood ta Landan yake, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. Da muka tare mun tarar da tsohuwar tukunyar gas da ke ɗumama gidan, wadda in an kunna ta sai ta yi tari sau uku kafin ta kama. Da matata ta samu cikin fari na ce a cire ta a sa mana abin da ake yayi, wanda masu ƙasar ke kira heat pump. Wani farin akwati ne mai ƙatuwar fanka a gaba, aka girke shi a ɗan filin da ke bayan kicin. Aikinsa ya zuƙo ɗumi daga iskar waje, ya turo shi cikin hitocin da ke jikin bangon ɗakuna da kuma tankin ruwan wanka.

Na yi wa mutane wannan bayani ya fi a ƙirga: a ƙofar masallaci, a wajen suna, har a cikin jirgin ƙasa. Kowa tambayarsa ɗaya, wane ɗumi ne a iskar Landan a watan Janairu? Ni kuwa sai in gyara zama in ce firji ne aka juya masa aiki, maimakon ya fitar da zafi waje sai ya shigo da shi. A asibiti nake aiki, ɗakin gwajin jini, ban taɓa riƙe sifana da sunan sana'a ba. Amma in ka ji ni a lokacin sai ka rantse da ni aka ƙera shi.

Matata ta haihu a tsakiyar sanyi, mace. Kwana uku bayan haka mahaifiyarta ta sauka daga Kano don ta yi mata wankan jego. Hajiya ta zo da akwati biyu, kuma kayan sawarta ba su cika rabin ɗaya ba. Sauran duk garin kunu ne, da kanwa, da yaji, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. A ƙasan babban akwatin akwai wani bargo mai nauyi, ruwan ƙasa da jajayen furanni, wanda ta saya a Makka shekarar da suka yi aikin Hajji da marigayi mijinta. Ranar suna muka sa wa jaririya sunan Hajiya, shi ke nan kuma muka rufe wa kanmu baki, don daga ranar babu mai iya kiran sunan a gidan. Hajiya na ce mata takwara, mu ma muka bi.

Duk wanda ya ƙirƙiro kunyar surukai bai san gidajen Landan ba. A Kano akwai zaure, akwai tsakar gida, mutum zai yi wata bai haɗa hanya da surukarsa ba. A nan matattakalar bene faɗin mutum ɗaya ce. Sau nawa ina sauka tana hawa, in koma da baya har sama, ita ma ta koma da baya har ƙasa, mu tsaya kowa na jiran kowa, shayi na hucewa a hannuna. Ba na cin abinci a gabanta. Ba ta kiran sunana, iyakarta ta ce "maigidan nan", ko kuma ta ce "shi". Da safe in durƙusa a bakin ƙofar falo in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Da haka muke ƙaunar juna, kuma kowa ya san ƙauna ce.

Tun kafin ta zo matata ta ja mini kunne. Hajiya ta taɓa zuwa Abuja jegon yayar matata, mijin ya ce mata a gaban baƙi ba haka ake kashe gas ba. Washegari ta ɗaure kayanta ta koma Kano, saura kwana ashirin a yi arba'in, kuma har yau ba ta sake kwana a gidan ba.

"Don Allah ka riƙe bakinka," in ji matata. "Na san ka da son lecture. Idan ta tafi ta bar ni da jaririyar nan, wallahi I can't cope."

Gaskiya ta faɗa. Haihuwar ta zo mata da wuya, ko tashi daga gado sai an riƙe ta, ni kuma hutun da aka ba ni a wurin aiki mako biyu ne kacal. In Hajiya ta tafi, ba mu da kowa.

Ranar da ta fara ganin injin ta tagar kicin ta tambayi 'yarta, "Wancan janareton fa?" Matata ta ce shi ke ɗumama gidan. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, raɓa ta daskare a kansa fari fat, sannan ta ce, "Allah sarki." Ina jin su daga falo, bakina na ƙaiƙayi, bayanin firji ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi. Da na san abin da wannan haɗiyar za ta jawo, da na bar shi ya fito.

Mako ɗaya da komawata aiki, na dawo wata Talata da yamma na tarar da gida kamar cikin randa. Na taɓa hitar falo, sanyi ƙalau. Matata na kan gado da rigar sanyi biyu, takwara an naɗe ta har ba a ganin komai sai hanci. Hajiya kuwa ta ɗora manyan tukwane biyu a kan murhu tana dafa ruwa. Dama can ba ta yarda da ruwan famfonmu ba, ta ce wannan ruwan ɗumi ne, ba ruwan zafi ba, mai jego ba ta wanka da ruwan alwala. To amma da can ƙari take yi a kan na famfo. Yanzu duk ruwan wankan sai ta dafa shi a ƙasa ta hau da shi sama a bokiti, da gwiwoyinta masu ciwo. Na karɓi bokitin ban kalle ta ba, ita ma ta sakar mini ba ta kalle ni ba.

Na naɗe hannun riga. Na fara da ɗan allon da ke jikin bangon falo, wanda ake saita zafin gida da shi, na canza masa batir, ko da yake batirin lafiyarsa lau. Na buɗe akwatin wutar gida da ke ƙarƙashin bene na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya faɗi. Na hau wurin tanki na duba agogon da ke nuna ƙarfin ruwa, allurar na tsaye inda ya kamata. Na kashe komai na ƙirga talatin na kunna, wanda shi ne iyakar ilimin yawancinmu in za mu faɗi gaskiya. Injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, hita ta fara ɗumi, na fito falo ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Kafin in gama cin tuwo ya sake mutuwa, allon ya nuna wani harafi da lamba. Na nemo littafin injin, ya ce ma'anar lambar ita ce a kira injiniya.

Na kira kamfanin da suka sa mana shi. Wata mata mai sanyin murya ta ce ta yi nadama ƙwarai da jin haka, kuma babu mai zuwa sai Litinin ta sama. Na ce akwai jaririya a gidan. Ta sake yin nadama, sannan ta ce za ta sa wani ya kira ni ta bidiyo ranar Asabar da safe.

"An yi booking?" matata ta tambaya.

"An yi. Amma kafin Asabar zan gano shi da kaina."

"Allah ya sa," ta ce, da irin muryar da ke nufin akasin haka.

Kwana huɗu muka yi a haka. Na aro ƙaramar hita mai lantarki wurin maƙwabcinmu na sa a ɗakin mai jego. Kullum in na dawo sai in sake bin abubuwan da na riga na bi, kamar mai neman makulli a aljihun da ya laluba sau biyar. Na wanke matatar ruwa. Na bi hitoci da ɗan makulli ina fitar musu da iska. Da na shiga ƙaramin ɗakin da Hajiya ke kwana don in yi wa tata hitar, na lura babu komai a kan gadon sai zannuwa biyu da sallaya. Lallausan mayafin da muka saya mata kuwa na gan shi a kan gadon 'yarta. Na ga abin, amma hankalina na kan ƙarfe, ban tsaya na tambayi kaina ina bargon Makka ba.

Abu ɗaya ne ban duba ba, shi ne injin kansa. A watan nan ina fita cikin duhu in dawo cikin duhu, tagar kicin ba ta nuna mini komai sai fuskata. Kuma a raina na riga na yanke cewa matsalar mai zurfi ce, irin wadda ta dace da mutum mai ilimi kamata.

Ranar Asabar injiniya ya kira. Wani Bature ne mai furfura, yana zaune a cikin motarsa yana cin burodi. Na fara jero masa abubuwan da na yi, ya bar ni na gama, sannan ya ce in fita waje in nuna masa injin. Na zura silifas na buɗe ƙofar baya.

Ga injina nan an lulluɓe shi ruf da bargon Makka. An zagaye shi da igiyar shanya sau uku, an ƙulle ta ƙulli mai kyau irin na ɗaurin buhun gero, an ɗora bulo biyu a sama kada iska ta ɗauke. Ko kusurwa ɗaya ba a bari a buɗe ba.

Baturen ya ajiye burodinsa. Ya yi dariya har wayarsa ta faɗi, na koma ina kallon rufin motarsa. Da ya dawo ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, bai taɓa ganin injin da aka so kamar wannan ba. Ya ce abin da iska yake rayuwa, in an toshe masa hanci sai ƙanƙara ta cika shi ya kashe kansa don kada ya ƙone. Na kwance igiyar na yaye bargon, bayan injin duk ƙanƙara ce kamar cikin tsohon firji. Ya ce in zuba ruwa mai ɗumi a hankali, kada in sa wuƙa ko wani ƙarfe. Na yi haka, na kashe na kunna, fankar ta juya. Kafin ya ajiye waya ya daina dariya ya ce kada a sake rufe shi, don in aka yi ta maimaitawa wata rana ba zai tashi ba.

Na tsaya da bargon a hannu, ya jiƙe ya yi nauyi. Nan na gane komai. A gidan Hajiya a Kano ba a barin janareto a waje ba rufi, ko keken ɗinki sai an yafa masa zane. Ta ga abin da ke ɗumama 'yarta da jikarta yana tsaye cikin raɓa tsirara, ta ɗauko abu mafi kauri da ta mallaka ta ba shi, ita ta kwana da zannuwa biyu. Dariyar da na taya Baturen ta koma mini ciki. Kunya ta kama ni, da wani tausayi da ya sa na daɗe a wajen ban ji sanyi ba.

Na shanya bargon a kan hita ya bushe, na ninke shi na ajiye a kan kujerar kicin. Na hau na gaya wa matata a hankali. Ta toshe baki da filo tana dariya tana riƙe ciki, sannan ta tsaya cak.

"Kada ka gaya mata."

"To ke ki gaya mata mana."

"Ni? In ce mata ita ta sa takwara ta kwana huɗu cikin sanyi? Wallahi yau za ta ce a yi mata changing ticket."

Muka bar kaza cikin gashinta. Gida ya yi ɗumi, aka yi wanka, aka sha kunun kanwa, na ɗauka magana ta ƙare.

Litinin na dawo daga aiki, gida ya sake yin sanyi. Na ɗauki kwandon shara kamar zan zubar, na zagaya baya. Bargo ya koma, wannan karon da bulo uku. Na kwance, na ninke, na ajiye a kan kujera. Talata haka. Laraba haka, har da sabon ƙulli da ya ci mini farce. Hajiya na jira in fita da safe ta rufe, zuwa azahar injin ya shaƙe, ni kuma in dawo da yamma in buɗe. Matata ba ta isa ta fita ba, mai jego ce, ko ƙofar kicin ta nufa sai an tambaye ta ina za ta.

Ranar Laraba ina cin abinci a kicin na jiyo Hajiya a falo tana ce wa 'yarta, "Dilolin nan na unguwarku sun dame ni. Kullum sai sun yaye wa janareton nan rufi." Unguwarmu kam akwai diloli, suna yawo a kan katanga kamar su ke biyan haya. Na ji daɗi har na ƙara miya. Na ce Allah ya kawo wanda zai ɗauki laifi.

Amma ranar Alhamis na dawo na ji takwara na atishawa, hannunta sanyi. Na tuna maganar injiniya. Na ga dai wasan nan in ya ci gaba, ko injin ya mutu ko yarinya ta kwanta, kuma duka biyun sun fi ƙarfin kunyata. Na kwana ina juya yadda zan yi.

Juma'a ba ni da aiki da safe. Bayan na gaishe da Hajiya ban tashi ba. Na karɓi takwara daga hannun uwarta na zauna a ƙasa a bakin ƙofar falo, na ba Hajiya gefe, na kalli jaririya. Matata na tsaye a kan bene ta riƙe ƙarfe, ta zaro ido.

"Takwara," na ce, "kin san janareton nan namu ɗan ƙasar nan ne. A cikin sanyi aka haife shi, ba ya jin sa. Da iska yake numfashi, kamar ke. In aka rufe masa fuska sai ya shaƙe ya daina aiki. Laifin babanki ne, shi da ya san haka bai gaya wa kowa ba, ya tsaya yi wa mutanen masallaci bayani ya bar na gida."

Wannan ne bayani mafi gajarta da na taɓa yi a kan injin nan. Takwara ta yi hamma. Carbin Hajiya kawai nake ji yana tafiya. Can ta tashi ta wuce ta gabana ta hau sama ta rufe ƙofa. Matata ta zauna a kan matattakala ta dafe kai. Na tafi masallaci, amma in ka tambaye ni abin da liman ya yi huɗuba a kai ban sani ba.

Da na dawo na buɗe ƙofa, abin da na fara gani shi ne babban akwatin Hajiya a tsaye a ƙasan bene. Na tsaya riƙe da makulli, ina tunanin Abuja, ina lissafin saura kwana tara a yi arba'in.

Hajiya na zaune a falo da takwara a cinya, bargon na ninke a gefenta. Na durƙusa na yi sallama. Ta amsa, sannan ta ɗago jaririyar ta kalle ta.

"Takwara, ki gaya wa babanki na ji saƙo. Ki ce masa ni ma ina da nawa. Na tsufa, amma ban taɓa ganin dilan da ke ninke bargo ya ɗora a kan kujera ba. Kuma dilan nan silifas yake sawa, na ga sawunsa a kan raɓa tun ranar farko."

Na sunkuyar da kai. Ina jin matata a sama tana ƙoƙarin danne dariya.

"Na ɗauka tausayina yake ji," Hajiya ta ci gaba, "ya ga ɗakina ba bargo shi ya sa yake dawo mini da shi. Ni kuma na ce ba zan rufa ba takwarata na jin sanyi. Na ɗora wa dila don kada in ba shi kunya. Ashe shi yana rufa mini asiri, ni ina rufa masa, ke kuma kina atishawa a tsakiyarmu."

Ta goge wa yarinyar baki da gefen mayafinta. Idona ya cika, ban yarda na ɗago ba.

"Ki ce masa gobe in abu ya taso ya faɗa. Wanda ya durƙusa ya faɗi magana ba ɗaya yake da wanda ya faɗe ta a tsaye gaban baƙi ba. Sannan akwatin can na kwashe kayan ciki, ya tare mini hanya a ɗaki. Ya hau da shi cikin silin ya ajiye, ba na bukatarsa sai bayan arba'in."

Na ɗauki akwatin, ba nauyi ko kaɗan. Ina tsakiyar bene na ji ta ƙara da cewa, "Bargon kuma, tunda janareto ya ƙi, a shimfiɗa wa takwara."

A kansa yarinyar ta koyi zama, a kansa ta yi rarrafe. Injin yana nan yana aiki, in raɓa ta daskare a kansa da safe nakan tsaya a tagar kicin in kalle shi. Hajiya ta yi arba'in ɗinta cif, ta ƙara mako biyu da ba wanda ya roƙe ta. Har yau in ta kira waya daga Kano, bayan ta gama da 'yarta da takwararta, sai ta ce a gaishe da dila.